Tirelar Baba Tana In'ina

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Ya teku, ya aiki, ya kewar gida? Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abincin kirki, ko kuwa shayin nan kake ta ɗura wa cikinka kamar yadda ka saba. Na san saƙo ba ya shigar maka sai jirginku ya matso bakin gaɓa, don haka zan zube maka komai, ka karanta ranar da Allah ya nufa.

Jikin Baba da sauƙi sosai, alhamdu lillahi. Ƙafar ta saki, yana takawa da sanda har bakin ƙofa. Magana ta dawo, kuma da ta tashi dawowa ba ita kaɗai ta zo ba, har da faɗan. Abin da ya rage daga shanyewar jikin nan shi ne hannun hagu. Yana ɗaga shi, amma yatsun ba sa damƙa. Likitar da take motsa masa gaɓoɓi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa safe da yamma. Ka dai san Babanka. Ya jujjuya ƙwallon, ya kalli likitar, ya ce shi an daɗe da yaye shi.

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta ja ni gefe ta tambaye ni abin da ya fi so a duniya. Na ce mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tirela, me zai so in ba sitiyari ba? Ina rufe baki kwamfutarka ta faɗo mini a rai, wadda ka haɗa da hannunka tun kana makaranta, mai sitiyari da birki da totur, da wasan nan na tuƙin manyan motoci da ka hana mu sakat da ƙararsa. Ta ce in dai zai riƙe sitiyarin da hannu biyu, to ya fi ƙwallon, domin hannu da ido za su yi aiki tare, shi kuma ba zai san magani yake sha ba.

To ga laifina, ka yafe tun kafin ka ji. Na buɗe ɗakinka. Na zare wayoyin da ke bayan akwatin kwamfutar kaf, na sauko da ita falo ni kaɗai, saura kaɗan in bar ƙuguna a kan matakala. Na ajiye ta kusa da taga, inda kujerar Baba take. Mayar da wayoyin bai ba ni wahala ba, kowace sai in duba bakinta, in nemo ramin da ya dace da ita, in cusa. Na danna, ta kawo. Har na yaba wa kaina, na ce ashe tela ma injiniya ce in ta samu wuri. Mama kuwa ba ta ɓata lokaci ba, ta ɗauko irin mayafin nan da take saƙa wa duk wani abu mai daraja a gidan nan, ta lulluɓe akwatin, ta ɗora furen roba a kai.

Da farko Baba ya ce ba zai yi wasan yara ba. Na ƙyale shi, na bar motar a kunne tana ruri a allo, na koma kan kekena ina ɗinki. Ban gama haɗa hannun riga ɗaya ba na ji ƙarar sanda. Yaya, da ma ka ga yadda ya zauna! Ya gyara kujera, ya duba madubin dama, ya duba na hagu, ya yi bismilla, sannan ya sa hannun dama ya ɗauko na hagun ya ɗora shi a kan sitiyari. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin a kwantar da shi asibiti. Sai da na sunkuya kamar ina neman allura, don kada ya ga idona.

Amma bai yi minti goma ba. Yana cikin tafiya sai na ga ya gangara gefen titi, ya tsaya, ya saki sitiyarin. Ya ce ya gaji. Yau kwana huɗu ke nan bai sake kallon wajen ba. Ko ƙwallon da yake ɗan matsawa in ya ga ba kowa, ya daina.

Abu ɗaya na lura da shi: hoton ba ya tafiya sumul. Yana ɗan tsayawa yana zabura, kamar mai in'ina. Ni na ɗauka haka wasannin suke. Haka yake yi maka, ko wani abu na taɓa? Ka ba ni amsa da zarar ka samu hanya.

Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka da ka laƙa wa suna,
Almakashi

Ranar Asabar

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, teku kuma tana kwance muku. Mu nan jiki lafiya, hankalina ne ba a kwance ba. Amsarka ba ta iso ba, ni kuma na kasa jira.

Na gano abin da ya sa Baba ya saki sitiyari. Shekaranjiya da yamma Mama ta shigo ɗakin ɗinkina da wata ƙaramar leda, ta ajiye a kan teburin yanka. Na buɗe, sai ga lasisin Baba. Shi ya ba ta, ya ce ta kawar da shi inda ba zai sake gani ba. Lasisin da ko a gadon asibiti sai da ya sa aka saka masa a ƙarƙashin filo.

Na je na same shi, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini. Ka san ni da shi a wajen taurin kai ba mai ba wani hanya. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce, "Auta, ranar da abin nan ya same ni, titi ne ya fara kakkaryewa a idona. In hango mota can, kafin in ƙifta tana nan, ban ga tahowarta ba. Da haka na samu na gangara na kashe mota. To ranar da na zauna a kan abin nan naku, shi na sake gani. In juya sitiyari, sai motar ta tsaya tunani kafin ta juya. Ba hannun ne ya tafi ba, kan ne. Me zan yi da matsa ƙwallo?"

Mako guda cur yana zaune da wannan a ransa, yana jiran ciwon ya dawo ya ƙarasa shi. Ni kuma da na ga in'inar hoton tun ranar farko na yi shiru, don kada a ce ban waye ba. Shi ya ɗauka shi kaɗai yake gani. Na ce Baba ni ma ina gani, na'urar ce. Ya yi murmushin nan nasa, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ka san in ya faɗi haka, bai yarda ba ke nan.

Jiya na kai shi asibiti, don ba a wasa da irin wannan. Sun duba ido, sun duba kai, sun ce babu sabon abu. A hanyar dawowa ya ce mun haɗa baki da likita. Na kira Mama shaida, na ce ta kalli allon ta faɗi gaskiya. Ta kalla ba tabarau, ta ce ita dai ta ga mota mai kyau. Na ce to bari in tuƙa da kaina ya gani. Ban kai ƙarshen layi ba na kwashe fitilar titi, na zuba tirela a rami. Baba ya ce wannan ba shaida ba ce, ko baro aka ba ni haka zan yi. Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa.

Da na rasa mafita sai na shiga bincike a waya. Ashe abin da muke gani yana motsi hotuna ne ake jerowa da sauri, kuma akwai inda ake dannawa wasan ya nuna hotuna nawa yake fitarwa a sakan ɗaya. Na danna. Wata 'yar lamba ta fito a kusurwar allo: goma sha shida. Waɗanda suka sani sun ce in ba ta kai talatin ba ido yana ganin tsalle, sitiyari kuma yana makara, sittin kuwa shi ne sumul. Na nuna wa Baba. Ya ce lamba ai mutum ne yake rubuta ta.

Don haka baki ba zai yi aikin nan ba. Sai ya ga titin ya miƙe da idonsa, ya juya sitiyari motar ta bi shi nan take. Likitar da take motsa masa gaɓoɓi ta ce watannin nan na farko su ne na hannun, in yatsun suka sandare a lanƙwashe, buɗe su sai an sha wuya. Za ta dawo duba shi nan da mako uku. Na ce wa masu ɗinki su yi haƙuri da ni, safiya tasu ce, rana ta kwamfuta. Ban san komai a kanta ba, amma keken ɗinki ma ba da saninsa aka haife ni ba. Lambar nan sai ta tashi, ko ni ko ita.

Lasisin yana cikin akwatin zarena, ban kawar ba.

Ka sa mu a addu'a. Mama tana gaisuwa.

Ƙanwarka,
Almakashi

Ranar Laraba

Yaya mai jirgi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya aiki, ya mutanenka? Saƙonka ya iso, layi uku cur bayan kwana goma sha shida ina jira. Ka ce kwamfutarka tana ba ka sittin a wasan nan ko ruwan sama ake yi a ciki, ka ce ni na lalata maka ita, sai saƙon ya yanke. Sannu da wannan babban taimako. Amma ka yi mini amfani ba ka sani ba, yanzu na tabbata tana iya sittin, ba tsufa ne ya kama ta ba.

In kekena yana tsallake ɗinki, ba na kwance shi gaba ɗaya. Allura nake fara canzawa, in gwada. In bai yi ba, in canza zare, in gwada. Haka na yi wa wannan. Na ware shafin ƙarshe na littafin awo, duk abin da na taɓa sai in tuƙa titi ɗaya, wanda ya bi ta kan wata gada, in rubuta lambar da ta fito.

Na fara da cikin wasan. Na rage inuwa, lamba ta koma sha takwas. Na rage ciyawa da bishiyoyin nesa, sha tara. Na kashe ƙyallin jikin motoci, ashirin. Da na kashe madubai kuwa sai ta yi tsalle zuwa ashirin da bakwai, har na yi ihu. Baba da yake zaune kamar rediyo yake saurare, sai ya ce daga can, "Tirela ba madubi? Wa kike so ki kashe?" Na mayar da madubai. Amma na ji daɗi a raina, ashe yana kallo.

Daga nan na bi tarkacen da ka tara, waɗanda suke tashi tare da kwamfutar suna cin ƙarfinta a ɓoye. Yaya, me kake yi da manhajar sauke fina-finai har uku? Na kashe su duka, na samu ƙarin biyu. Sai na sabunta manhajar katin hoto, babban katin nan mai fanka biyu da ka cika mana kunne da shi. Wannan ya ci mini yini guda, kuma lambar ko gezau. Abin ya ɗaure mini kai, amma na rubuta na wuce.

Sai kuma wata sabuwa. In na kunna, ashirin da biyu. Bayan minti ashirin sai fanka ta kama kuka kamar za ta tashi sama, lamba ta gangaro sha ɗaya. Na kai hannu jikin akwatin, zafi zau. Mayafin Mama ne! Ta saƙa shi da zare mai kauri, ta yi masa shafi da yadi don ƙura, ya toshe duk ramukan da iska take shiga ta fita. In na cire, ina juya baya ta mayar. Na ce Mama na'urar nan numfashi take yi. Ta ce rediyo da talabijin shekara nawa suna lulluɓe ba su mutu ba, kuma ita ba za a bar mata abu tsirara a falo baƙi suna shigowa ba. Mun yi ta yi har sai da na kama hannunta na ɗora a kan akwatin. Ta janye da sauri, ta ce, "To ai sai ki ce zazzaɓi take yi." Yanzu mun daidaita, in tana kunne a buɗe, in an kashe ta huce a rufe. Furen roba ya koma kan firji.

Na kashe, na zare wuta, na kwance murfin gefe. Ƙurar da na tarar a ciki in aka tara za ta cika filo. Na bi fankoki ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushin da nake share kekena. Na kuma karanta cewa akwai wani irin man shafawa, toka-toka, da ake sawa tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfen da yake sanyaya ta, in ya bushe zafi ba ya fita. Na je wurin mai gyaran kwamfuta na kan kwanar layinmu. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Ya tambayi shekarunta, na faɗa, ya ce in kai ta bola in sayi sabuwa, kuma wai wannan ba aikin mata ba ne. Na ce ya ba ni man kawai, shawarar ya ajiye wa mai so. Na dawo na goge tsohon da ya bushe ƙamas, na ɗiga sabo daidai ƙwayar wake, na mayar da komai.

Yanzu ba ta kuka, ba ta gangarowa. Ashirin da huɗu take tsayawa cak, ko awa biyu na yi. Amma ashirin da huɗu ba sittin ba ce, kuma na kai ƙarshen abin da na sani. Jiya na zauna a gabanta na yi kukana na share. Yatsun Baba biyu na ƙarshe sun fara lanƙwashewa ciki. Na gani da yake karɓar kofi, ya yi sauri ya ɓoye hannun a cikin riga.

Saura kwana goma likita ta zo. Gobe zan sake bi daga farko, layi bayan layi. Akwai abin da na tsallake, kuma sai na same shi.

Ka kula da kanka, ka kuma riƙa rubuta abin da ya fi layi uku.

Ƙanwarka da ba ta gaji ba,
Almakashi

Ranar Lahadi

Yayana na kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya ƙalau. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Kwana biyu na yi ina maimaita abu ɗaya ba canji. Jiya da hantsi Mama ta tafi kasuwa, na sake buɗe murfin gefe, na bar wasan yana tafiya, na zauna a ƙasa ina kallon cikin akwatin kamar zai yi mini magana. Baba yana kujerarsa. Can ya ce, "Wai me kike nema ne?" Na ce ƙarfi, Baba. Yaya ya ce tana da ƙarfi, ni kuma ban san ta inda yake zurarewa ba. Ya ce wanne ne injin. Na nuna masa, na ce ga ƙwaƙwalwa a sama, ita ce mai lissafi, ga babban katin a ƙasa, shi ne mai zana hoton, shi ne mai jan kaya.

Sai ya jawo kujera, ya sunkuyo, ya kai bayan hannunsa kusa da ƙwaƙwalwar, yadda yake yi wa tayoyi in ya tsaya hutawa a hanya. Sannan ya saukar da shi kusa da katin. Ya sake maimaitawa. Yaya, hannun hagu ne fa. Shi ne ta ɓangaren akwatin, ya miƙa shi bai sani ba. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Ya ce, "Wannan na saman yana shan wahala, zafinsa har nan. Babban kuwa sanyi ƙalau, fankarsa ma da ƙyar take juyawa. Kin ce shi ne mai jan kaya?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ba ya jan komai. Injin da yake jan kaya ba ya sanyi. Wannan kan mota ne a kunne, ba a ɗaura masa bodi ba. Kin zagaya ta kuwa?" Na ce kamar yaya. Ya ce shi shekara talatin da ɗaya bai taɓa buɗe inji ba sai ya zagaya mota tukuna, ya ga abin da ke haɗe da abin da ba ya haɗe. Ni kuwa mako biyu kaina yana cikin cikinta, ban taɓa leƙa bayanta ba tun ranar da na sauko da ita.

Na juyo da akwatin. Ya ce in bi wayar allo da yatsa har inda ta shiga. Na bi. Tana cuse a wani rami na sama, kusa da na sitiyari. Ya ce in duba bayan babban katin. Na sauke ido ƙasa, sai ga wasu ramukan a jere a kwance, ɗaya daga ciki irin na saman sak, ba komai a cikinsa. Yaya, rami biyu ne masu baki iri ɗaya! Ranar da na mayar da wayoyi, wanda na fara gani na cusa, hoto ya kawo, na yaba wa kaina. Ashe na saman na ƙwaƙwalwar ne. Ita take ta faman zana titi da gada da madubai da ɗan ƙarfinta, katinka mai fanka biyu yana zaune yana shan iska. Shi ya sa na yi yini ina sabunta masa manhaja lamba ba ta motsa ba. Ka ce ni na lalata, na ji haushinka. To ni ce. Ka adana saƙon nan, don ba za ka sake jin haka daga bakina ba.

Na kashe, na zare wayar, na mayar da ita ƙasa, na kunna. Minti ɗayan da take tashi ya fi mini mako biyun nan tsawo. Wasan ya buɗe, fankokin katin suka ɗauka, na kalli kusurwa. Sittin. Na mayar da inuwa, sittin. Na mayar da ciyawa da bishiyoyi da ƙyalli, har ruwan sama na kunna don neman magana, ta ɗan taɓa hamsin da takwas ta koma.

Ban ce wa Baba ya zo ya gwada ba, tashi kawai na yi na ba shi wuri. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya zauna, ya duba madubin dama, ya duba na hagu, ya ɗora hannuwa. Ya ja motar a hankali, ya ɗan karkata sitiyari, ta bi. Ya mayar, ta bi. Ya yi haka ya kai sau biyar kafin ya taka totur. Ya hau gadar nan da na sha faɗowa daga kanta, ya sauka, ya sha kwana, ko layi bai taka ba.

Sai ya gangara gefe ya tsaya. Na ce a raina shi ke nan, ya sake gani. Bai juyo ba, ya ce, "Auta, titin ya miƙe." Na ce e, Baba. Ya ce, "Ashe ba kaina ba ne." Na ce Baba, kan da ya gano abin da ni da waya da mai gyara muka kasa, shi ne ya tafi? Kafaɗunsa na ga suna rawa, sai na fita, na je bayan ƙofa na yi nawa kukan.

Mama ta dawo ta same mu da jajayen idanu, ta dire jaka ta ce wa ya mutu. Baba ya ce ba kowa, ya ce ta matsa daga gaban allo, wai ta tare masa hanya.

Ka gode wa Allah tare da mu.

Ƙanwarka mai laifi,
Almakashi

Ranar Asabar

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma jirgi ya juyo da hancinsa gida. Wannan gajeriya ce, masu ɗinki sun taru a kaina, haƙurinsu ya ƙare.

Washegarin ranar nan da safe Baba ya tambayi Mama ina ledar da ya ba ta. Mama ta kalle ni, na je akwatin zare na ɗauko. Ya zare lasisin ya saka a aljihun gaba. Yanzu kullum sai ya taɓa aljihun kafin ya zauna, wai ba a hawa titi ba lasisi. Ƙwallon ma da kansa ya neme shi, yana matsawa in ya tsaya hutawa, ya ce direba sai da ƙarfin hannu. Kwamfutarka kuwa ka cire rai da komawarta sama. Ya ce in ka dawo kai ne karen mota.

Ɗazu likita ta zo. Sai da ta jira, don ta same shi yana ribas da tirela zuwa cikin ma'ajiyar kaya, ya ce ba a yi wa direba magana a irin wannan lokaci. Ta duba hannun. Yatsun biyu sun fara buɗewa, amma ta ce da sauran tafiya, kuma ba ta yi masa alkawarin komawa babban titi ba. Shi ma bai nema ba. Ya ce wancan ya bar wa masu tasowa, shi dai hannunsa yake so, ya riƙe kofinsa da kansa, ya ɗaura maɓallin rigarsa ba tare da ya kira kowa ba.

Da ta ce ya matsa ƙwallo ta ga ƙarfinsa, sai ya ture ƙwallon gefe. Ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannuna, ya damƙe, yana kallona. Ya ci gaba da matsawa har sai da na ce wayyo Baba, sannan ya saki yana dariya. Ga shatin yatsunsa nan ina rubuta maka ina kallo, guda huɗu. Wurin yana yi mini zafi, kuma ba na so ya daina.

Baba da Mama suna gaishe ka. Ka dawo da wuri.

Ƙanwarka,
Almakashi